Sifesa a ƙafar mota: Ado, amfani da haɗarin da ke bayan rim

Wanda duk ya saba ratsa wuraren ajiye motoci na Sakatariyar Tarayya ko na harabar Majalisar Dokoki ta Ƙasa zai lura da wani sabon yayi a tsakanin masu jif da a-kori-kura. Motoci biyu iri ɗaya, Prado ko Hilux, sai ka ga ɗaya ta fi ɗaya buɗe ƙafa, tayoyinta sun yi daidai da bakin madigadi ko ma sun ɗan leƙo waje. Wani lokaci rim aka sauya. Sau da yawa kuwa wani faifan ƙarfe ne aka cusa tsakanin rim da hob, wanda makanikai ke kira sifesa. Yayin ya gangaro har kan ƙananan motoci irin su Camry da Accord da Corolla, kuma a Apo, inda makanikan Abuja suka yi sansani, saka shi ba ya cin awa guda.

Saurin aikin da arahar faifan ne suka sa mutane ke ɗaukarsa a matsayin kayan ado, sahu ɗaya da fitilar kwalliya ko ledar kujera. Wurin da ake saka shi kuwa ba wurin ado ba ne. A nan taya ke riƙe da mota, kuma duk nauyin motar da na mutanen cikinta ta nan yake bi ya isa ƙasa. Tun da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus ɗin gida da na mota kuɗi a 2003, ma'aikacin tarayya mai mota galibi tasa ce, shi ke ɗaukar nauyin gyaranta. Hadimin da aka damƙa wa kula da motocin maigidansa kuma shi za a fara tambaya ranar da wani abu ya faru. Su biyun suna da buƙatar sanin abin da wannan faifai yake yi kafin su amince a ɗaura shi.

Mene ne sifesa?

Sifesa faifai ne, galibi na alminiyam, mai rami a tsakiya da ramukan noti a kewaye. Aikinsa ɗaya ne: ya tura taya waje gwargwadon kaurinsa. Akwai mai kaurin milimita 3, akwai mai 50, wasu ma sun wuce haka.

Iri biyu ne a kasuwa. Na farko siriri ne, ana zura shi a kan sandunan hob masu tiredi, wato sitod, sannan a ɗora rim a ɗaure su tare da notin motar na asali. Na biyu mai kauri ne, yawanci daga milimita 20 zuwa sama. Shi ana fara ɗaure shi a jikin hob da nasa notin, kuma yana zuwa da nasa sitod ɗin da za a ɗaura rim a kai. Akwai ɗan uwansu na uku, adafta, wanda bayan tura taya yakan sauya tsarin ramukan, domin rim ɗin wata mota ya shiga wadda ba tasa ba.

Akwai wani bambanci da ya fi wannan muhimmanci, ko da yake ido ba ya saurin kama shi. A tsakiyar kowane hob akwai wani ɗan leɓe mai zagaye wanda ramin tsakiyar rim ke hawa, shi ke daidaita taya a tsakiya cif kafin a ɗaure noti. Sifesa mai kyau ana sassaƙa raminsa daidai da wannan leɓe, kuma yana da nasa leɓen a gaba da rim zai hau. Sifesa na gama-gari, mai dogayen ramuka da aka yi don ya shiga kowace mota, ba shi da ko ɗaya. Da shi, rim ya rasa abin da zai daidaita shi sai noti kawai.

Kowace mota da nata awon. Camry tana da sitod 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, leɓen hob ɗinta milimita 60.1 ne. Accord tana da tsarin ramuka iri ɗaya, amma leɓenta 64.1 ne. Prado da Hilux suna da sitod 6 a kan da'irar 139.7. Yawancin Mercedes ramuka 5 ne a kan da'irar 112, leɓe 66.6, kuma ba su da sitod, dogon bol ake murzawa cikin hob. Saboda haka sifesan da ya shiga Accord zai shiga Camry, amma zai zauna da sarari a tsakiya, ba a kan leɓe ba.

Lambar da ke bayan rim

Idan aka juya rim aka duba bayansa, za a ga haruffa ET da lamba a gabansu, kamar ET45. Haruffan daga Jamusanci suke, lambar kuma tana nuna tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne da hob, a milimita. Babbar lamba na nufin taya ta shige ciki, ƙarama na nufin ta fito waje. Sifesa rage wannan lamba yake yi. Rim mai ET45 da aka saka wa sifesa mai milimita 20 ya koma tamkar mai ET25.

Injiniyoyin da suka ƙera motar ba da ka suka zaɓi lambar ba. Sun auna ta ne da wurin da boris yake, da kusurwar da taya ke juyawa idan an murza sitiyari, da sararin da ke tsakanin taya da shokozoba da madigadi. Wanda ya saka sifesa ya taɓa wannan lissafi duka. Haka ma wanda ya sayi rim mai ƙaramar ET, ko da bai taɓa ganin sifesa ba. Boris bai san bambancin su biyun ba, nisan da taya ta yi kawai ya sani. Abin da sifesa ya ƙara a kan rim shi ne sabuwar mahaɗa a wurin da da fuska biyu ce kawai ke haɗuwa.

Inda yake da amfani

Ba don ado aka ƙirƙiro sifesa ba, kuma akwai matsalolin da yake warwarewa da gaske. Wanda ya saka wa motarsa babban birki zai iya tarar da cewa maƙallin da ke riƙe da birki fad yana gogar cikin rim. Milimita 5 kan isa ta raba su. Wanda ya saka wa Hilux taya mai faɗi saboda hanyoyin karkara, kamar masu zuwa duba ayyukan mazaɓu ko rigakafi a ƙauyuka da damina, zai iya jin tayar na gogar ƙarfen ƙafa ta ciki idan ya karya sitiyari. Tura ta waje kaɗan na magance wannan. Wanda kuma ya samu rim mai kyau amma lambar ET ɗinsa ta fi ta motarsa girma, sifesa na mayar da tayar inda kamfani ya ajiye ta tun farko. A wannan yanayi na ƙarshe boris ba ya ɗaukar wani ƙarin nauyi ko kaɗan.

Shi kansa faifan ba haram ba ne a wurin masu ƙera motoci. Kamfanin Porsche yana sayar da sifesa mai milimita 5 ga wasu motocinsa, tare da dogayen bol da aka auna dominsa. Masu tseren motoci ma suna amfani da shi wajen daidaita yadda mota ke shan kwana. Sai dai su suna kwance tayoyinsu su duba bayan kowane tsere.

Hujjar da aka fi ji a bakin masu sayarwa ita ce buɗe ƙafa na hana mota kifewa. Akwai gaskiya a ciki, amma tana da iyaka. Hukumar kula da lafiyar motoci a titunan Amurka tana auna saurin kifewar mota ta hanyar raba tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyin motar daga ƙasa. A ɗauki misalin jif mai tazarar milimita 1,600 wadda cibiyar nauyinta ke milimita 700 daga ƙasa. Sakamakon 1.14 ne. Idan aka saka sifesa mai milimita 25 a kowane gefe, ya koma 1.18, wato ƙarin kashi 3 cikin 100. Idan mai motar ya kuma ɗaga ta da milimita 50, kamar yadda masu wannan yayi suka saba haɗawa, sakamakon ya faɗi zuwa 1.10, ƙasa da yadda ta fito daga kamfani. Rage gudu a kwana da sauke kaya daga kan rufi sun fi wannan ƙari tasiri nesa ba kusa ba.

Sai kuma kyan gani, wanda shi ne ainihin dalilin mafi yawan masu sakawa. Mota mai cikakkiyar ƙafa tana da kwarjini, babu musu. Tambayar ita ce ko kwalliyar za ta biya kuɗin sabulu.

Abin da ƙafar mota ke biya

Boris ne ke fara biya. An tsara shi ne yadda nauyin mota zai sauka kusa da tsakiyarsa. Da zarar taya ta matsa waje, nauyin ya koma gefe, yana banƙarar boris kamar yadda ake banƙare ƙusa da guduma. A ce mota mai nauyin tan 2, kowace taya na ɗauke da kilo 500. Sifesa mai milimita 25 na ƙara wa hob banƙara daidai da a rataya kilo 12 da rabi a ƙarshen sanda mai tsawon mita guda. Mai milimita 50 ya ninka haka, ya zama rabin buhun siminti. Wannan lissafin motar da ke tsaye ne. Idan ta faɗa rami da gudu, nauyin da ke dukan tayar kan ninka sau da yawa, banƙarar ma haka. Tayar Prado mai lamba 265/65 R17 tana juyawa kusan sau 410 a kowace kilomita, wato sau 41,000 a tafiyar kilomita 100, kuma kowane juyi boris na jin wannan ƙari. Ba ranar farko yake mutuwa ba. Kwanansa ne ke raguwa, tare da na boljoyin da tayarod da robobin ƙafa.

Na biyu shi ne sitiyari. Tayar gaba tana juyawa ne a kan wani layi da ya ratso daga saman ƙafa zuwa ƙasa. Tazarar da ke tsakanin inda wannan layi ya taɓa ƙasa da tsakiyar sawun taya ita ke nuna yawan dukan da hanya za ta aiko wa hannun direba. A motocin da ke ja da tayoyin gaba, irin Camry da Corolla da Accord, ana barin tazarar ƙarama ƙwarai, sau da yawa ma a sa layin ya faɗa ɗan waje da tsakiyar sawun, domin motar ta riƙe hanya idan aka taka birki alhali taya ɗaya na kan kwalta ɗaya na kan yashi. Sifesa na tura tsakiyar sawun waje da cikakken kaurinsa, ya sauya wannan tazara. Sakamakon shi ne sitiyari ya riƙa fizga a rami, mota ta riƙa bin gurbin da manyan motoci suka yi a kwalta, kuma ta ja gefe idan an taka birki da ƙarfi. Direban da ke bin hanyar Nyanya da Mararraba kullum, inda birkin gaggawa ya zama ruwan dare, shi zai fi jin wannan.

Na uku, sifesa kan magance gogar ciki ya haifar da gogar waje. Tayar da ta yi nisa tana zana babbar da'ira idan an karya sitiyari, sai ta kama ledar madigadi ko gefen bamba. Idan mota ta cika da iyali da kaya a tafiyar Sallah, ta hau tudun rage gudu, bakin madigadi na iya yankar gefen taya, wanda shi ne wuri mafi rauni a jikinta kuma ba ya karɓar faci mai aminci. Tayar da ta leƙo waje kuma tana watsa tsakuwa da taɓo a jikin motar, da gilashin na baya, da fuskar mai babur.

Inda taya ke ficewa

Duk abubuwan da aka ambata a sama asarar kuɗi ce da raguwar daɗin tuƙi. Abin da ke kai wa ga asarar rai yana wajen noti.

Mutane da yawa suna zaton a kan sitod taya ke rataye. Ba haka ba ne. Idan aka ɗaure noti, sitod na miƙewa kaɗan kamar roba mai tauri, ya matse rim a jikin hob da ƙarfin tan da yawa. Wannan matsi, da gogayyar fuskokin biyu, su ke ɗaukar nauyin mota. Muddin matsin na nan, sitod na hutawa. Da zarar ya ragu, rim ya fara motsi, nauyi ya koma kan sitod, yana lanƙwasa shi gaba da baya a kowane juyi har ya karye, kamar yadda ake karya waya da hannu. Idan ɗaya ya karye, sauran sun gaji nauyinsa, ba su kuma daɗewa.

Siririn sifesa yana cin tsawon sitod. Sitod ɗin yawancin ƙananan motocin Toyota da Honda kaurinsa milimita 12 ne, kuma kowane zagaye na noti yana shiga da milimita 1.5. Ƙa'idar da makanikai masu horo ke bi ita ce noti ya kama tiredi aƙalla gwargwadon kaurin sitod, wato zagaye 8. Sifesa mai milimita 5 ya cinye zagaye 3 da ɗoriya. Mai milimita 10 ya cinye kusan 7. Notin da ya kama da zagaye 3 ko 4 zai ɗauru, sufana za ta tsaya, ido ba zai ga komai ba, amma tiredin na dab da zamewa. Maganin wannan shi ne a sauya sitod da dogaye, ko a sayi dogon bol ga masu Mercedes da Peugeot, kuma wannan ne matakin da aka fi tsallakewa saboda yana ƙara kuɗi da lokaci.

Mai kauri kuma nasa matsalolin daban ne. Ya ninka yawan noti: Prado mai noti 24 ta koma mai 48. Rabin su na ɓoye a bayan rim, babu mai iya duba su sai an cire taya. Sannan idan sitod ɗin asali ya fi sifesan tsawo, kansa zai leƙo ya tokare bayan rim. Wasu rim suna da gurabe a baya da ke haɗiye wannan, wasu ba su da su. Rim ɗin da ya zauna a kan kawunan sitod maimakon fuskar sifesa zai yi kamar ya ɗauru, alhali a kan tsini yake.

Tayar jif da rim ɗinta sukan haura kilo 25. Idan ta fice a gudun kilomita 100 a awa, wanda shi ne iyakar da doka ta yanka wa ƙananan motoci a manyan hanyoyi, ƙarfin da take ɗauke da shi ya kai na abin da aka sako daga tsayin mita 39, kusan bene mai hawa 13. Ba ta tsayawa inda motar ta tsaya. Tana iya tsallake shingen tsakiya ta shiga hannun masu tahowa, ko ta afka wa masu jiran mota a gefen hanyar Kubwa ko ta filin jirgi. Wanda ya biya kuɗin adon ba lallai ne shi zai biya kuɗin haɗarin ba.

Kasuwa da hannun mai ɗauri

Sifesa na kirki ana yin sa da alminiyam mai ƙarfi, wanda ake rubuta lambarsa a jiki, 6061-T6 ko 7075-T6, a sassaƙa shi da inji yadda fuskokinsa biyu za su yi daidai, a kuma dasa masa sitod mai lambar ƙarfi 10.9 ko 12.9. A kasuwannin kayan gyara, daga Ladipo a Legas zuwa Fanteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, irin wannan yana zaune ne kusa da na zubi marar suna, da wanda aka ciro daga motocin Kwatano ba a san wahalar da ya sha ba, da wanda aka sassaƙa a gida daga ƙarfen da ya samu. A hannu duk nauyinsu kusan ɗaya. Alminiyam na zubi marar kyau yakan lotsa a ƙarƙashin noti, matsin ya ragu ba tare da notin ya juya ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan kuwa har lafiya ba ta yi.

Ko faifan ya yi kyau, saura ɗauri. Kowace mota tana da adadin ƙarfin da kamfani ya ce a ɗaure notin taya da shi, yana cikin littafin motar. Na Camry niyuton-mita 103 ne, na yawancin Accord 108. Sufana mai ma'auni ce kaɗai ke iya tabbatar da wannan. Abin da aka saba gani a wurin mai faci shi ne a zura dogon bututu a sufana, yaron shago ya hau da ƙafa har noti ya yi ƙara, ko a sa injin iska a bar shi yana bugawa. Ɗaurin da ya wuce kima yana miƙar da sitod fiye da yadda zai iya komawa, sai ya yi rauni. Wanda bai kai ba kuma yana kwancewa. Tsatsa ko yashi a fuskar hob, ko fentin da bai gama bushewa ba, suna murƙushewa bayan 'yan kilomitoci su bar sarari. Da ƙurar hunturu da taɓon damina, wannan ba ƙaramin abu ba ne a nan.

Siffar notin ma tana da magana. Rim ɗin alminiyam na asali na Toyota yana amfani da noti mai shimfiɗaɗɗen wosha, na Honda mai zagayayyen gindi, yawancin na kasuwa kuma mai tsinin mazurari. Notin da gindinsa bai dace da ramin ba yana taɓa ƙarfe ne a ɗan siririn layi, ba ya riƙe matsi.

Akwai kuma safaya taya, wadda ba a tunawa da ita sai dare ya yi a hanyar Lokoja. Rim ɗinta ba lallai ya zauna a kan sifesa mai kauri ba. Mai Mercedes da ya cire sifesa ya ɗaura safaya da dogon bol kuma zai iya tura bol ɗin ciki ya lalata kayan birkin hannu.

Doka, inshora da motar ofis

Ƙasashe sun sha bamban a kan sifesa. A Jamus ana saka shi, amma sai yana da takardar amincewa da ta ambaci irin motar, a lokuta da dama kuma sai masu binciken lafiyar motoci irin su TÜV sun duba, kuma dole madigadi ya rufe taya. A Ostareliya ƙa'idar gyaran motoci ta hana shi a kan titi, sai wanda kamfanin motar ya saka da kansa. Ƙasashen biyu suna da hanyoyi masu kyau da makanikai masu lasisi, duk da haka ba su ɗauke shi abin wasa ba.

A Najeriya, inda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da jami'an VIO ke da alhakin tabbatar da lafiyar motoci, faifan na ɓoye ne a bayan rim, ba abin da jami'in da ke tsaye a bakin hanya zai hango ba ne. Nauyin ya koma kan mai mota. Inshorar dole ta naira 15,000, wadda ta fara aiki a wannan farashi a Janairun 2023, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3 ne kawai, kuɗin da ba zai gyara gaban sabuwar jif ba. Mai cikakkiyar inshora kuma ya sani cewa yarjejeniyar ta ginu ne a kan bayyana gaskiya. Sauyin da ya shafi ƙafar mota, idan ba a sanar da kamfani ba, ƙofa ce ta jayayya ranar biyan diyya. Haka dillalin sabuwar mota zai iya ƙin gyara boris ko ƙafa a ƙarƙashin garanti idan ya tarar da sifesa.

Ga hadimai da jami'an sufuri na ma'aikatu, maganar ta fi nauyi. Motar gwamnati dukiyar jama'a ce, kuma sauyin da aka yi mata ba da rubutaccen izini ba yana komawa kan wanda ya ba da umarni. Motocin ayari suna gudu a jere, kusa da juna, tayar da ta fice daga ta gaba ta bayanta za ta fara samu. Mota mai sulke kuwa ta riga ta ɗauki ƙarin nauyin da kan kai tan guda ko fiye, boris da sitod ɗinta suna aiki kusa da iyakarsu. Duk abin da ya shafi ƙafarta, kamfanin da ya yi mata sulken ne ya kamata ya yanke hukunci a kai.

Idan buƙata ta kama

Wanda ke da matsalar goga ta gaske, ya fara tambayar ko rim mai lambar ET da ta dace zai magance ta. Ya fi tsada, amma ba ya ƙara mahaɗa ko noti. Idan sifesa ne kaɗai mafita, a zaɓi mafi siranta da zai yi aikin, wanda aka yi wa irin motar, mai leɓen tsakiya, mai suna da lamba a jiki. A saka kauri ɗaya hagu da dama. Kada a ɗora biyu a kan juna.

Wajen ɗauri, mai mota ya tsaya a wurin. A goge fuskar hob da burushin ƙarfe har ta yi fes. A ɗora sifesan a ga ya zauna ba ya rawa. A fara murza kowane noti da hannu ana ƙirga zagaye, idan bai kai 8 ba a sitod mai milimita 12, a dakata a nemo dogon sitod. Kada a shafa man giris ko baƙin mai a tiredi, domin adadin da kamfani ya bayar na busasshen tiredi ne. A ɗaure da sufana mai ma'auni, ana tsallakawa daga noti zuwa na daura da shi. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a dawo a sake aunawa, kuma ga mai kauri wannan na nufin a cire taya a duba notin ciki. Daga nan a je a yi alaimen, a karya sitiyari har ƙarshe ta kowane gefe a saurari goga.

Mota takan yi gargaɗi kafin taya ta rabu da ita. Rawar sitiyari da ta fara bayan an saka sifesa, musamman a gudun kilomita 80 zuwa sama, alama ce ta taya ba ta zauna a tsakiya ba. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, yana sauyawa idan an sha kwana, na boris ne. Ƙas-ƙas a ƙaramin gudu, ko jan tsatsa da baƙin gari da ke fitowa daga gindin noti, suna nuna rim na motsi. Wanda ya ga ɗayan biyun ƙarshe ya tsaya a inda yake, kada ya ce bari ya ƙarasa ofis.

Masu sayen motar hannu ma su sa a cire taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya kafin a biya kuɗi, domin mota kan zo da sifesan da mai ita na farko ya saka, sabon mai ita bai sani ba, mai facinsa bai sani ba.

Sifesa kayan aiki ne da ke da wurinsa. Mai babban birki, da mai faffaɗar taya saboda hanyar karkara, da mai rim ɗin da ya shige ciki, suna da dalilin saka shi, kuma idan sun sayi na kirki, aka ɗaura da awo, aka riƙa dubawa, zai yi musu aiki shekaru. Wanda kuwa kyan gani kawai yake nema, ya auna milimita 25 na kwarjini da boris ɗin da zai riƙa saya, da notin da zai riƙa dubawa, da iyalin da zai ɗauka zuwa gida a ƙarshen shekara. Kada garin gyaran gira a rasa ido.